Kakana sojan ruwa ne a yaƙin basasa, har yau bindigar Sallah tana hana shi barci

Filin Tambaya da Amsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, gidanmu yana cikin birnin Zariya. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na rasa wanda zan tunkara da ita a gida.

Kakana na wajen uba, muna ce masa Baba Tsoho, ya ba tamanin baya. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1965, ya yi yaƙin basasa tun daga farko har ƙarshe, a ɗakin injin jirgi yake aiki. Da ya bar soja sai ya dawo gida ya kama gyaran injin niƙa da na ban-ruwa, da wannan sana'ar ya riƙe gidansa. Akwai hotonsa guda a ɗakin kakata, yana sanye da fararen kaya da 'yar hula mai zagaye. Ban da hoton nan ba mu da komai, gara ta cinye akwatin takardunsa tun kafin a haife ni. Shi kuwa ba ya maganar yaƙi sam. Babana ya ce tun tasowarsa bai taɓa jin ya ambaci sunan jirginsu ba.

Kakata Iya ce mai ba da labari. Ta ce tana amarya, da cikin fari, ya sako ta a jirgin ƙasa daga Ikko don yaƙi ya matso, ta sauka Kaduna wajen yayanta a Kawo. Wata rana tana daka a tsakar gida ta ji rugugin jirgin sama ƙasa-ƙasa, kafin ta ɗaga kai sai ƙara daga wajen sansanin sojan sama, kwanukan matar gidan suka zubo daga saman kabad. Ta ce ta yi gudu mai nisa kafin ta ankara taɓarya na hannunta. Har yanzu idan ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi ta Palladan suka wuce ta saman gidanmu, sai ta dakata da abin da take yi ta yi salati.

Na ba da wannan labari a makaranta, sai wata ƙawata 'yar Umuahia ta ce ba a taɓa jefa bam a Arewa ba, su aka yi wa ruwan bama-bamai, kuma jiragen ruwan su kakana ne suka kashe musu yara da yunwa. Tun ranar nake jin nauyin kallonsa.

Ga shi kuma bana jikinsa ya canza. Da hawan Sallah, 'yan bindiga na fara harbi a Ƙofar Fada ya shige ɗaki ya kulle, ya kwana yana zabura yana kiran wasu sunaye da ba mu sani ba. Kwanaki an nuna yara masu tamowa a talabijin, ya tashi ya fita, ranar bai ci abinci ba. Baba Malam, labarin Iya gaskiya ne? Mene ne aikin sojan ruwa a yaƙin nan? Yaya za mu yi da tsohon nan, kuma akwai hanyar samo takardunsa?

Daga jikar tsohon soja, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da tsofaffinki haka.

Iya ba ta ƙara gishiri ba. An jefa bam a Arewa, kuma Kaduna tana cikin wuraren da aka jefa. Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara musayar wuta ranar 6 ga Yuli. A makonnin farko gwamnatin tarayya ba ta da jiragen yaƙin sama na a-zo-a-gani, su kuwa 'yan Biyafara sun riga sun sayo wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Amurka, B-26, irin na zamanin yaƙin duniya na biyu. Wani Bature ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach, wanda ya taɓa yi wa Ingila yaƙi da Jamus, yana cikin waɗanda suka tuƙa shi. A daminar 1967 an kai hari filin jirgin Makurɗi, da Kaduna, da Kano inda ake sauke jiragen MiG da Tarayyar Sobiyet ta aiko. Bama-baman da yawansu haɗin gida ne. Jirgin mai farfela biyu ne, injinsa mai rugugi, shi ya sa ban yi mamaki ba da kika ce ƙananan jiragen Palladan ne ke tsayar da Iya. Kunne ba ya manta irin wannan ƙarar. Ikko ma ba ta tsira ba: a daren 7 ga Oktoba 1967 wani jirgin fasinja ƙirar Fokker, wanda aka karkatar zuwa Inugu tun watan Afrilu aka mayar da shi na jefa bam, ya tarwatse a sararin birnin da duk mutanen cikinsa.

To amma ki ji ragowar, don ƙawarki ma ba da ka take magana ba. Kuskurenta guda ne, cewa da ta yi ba a taɓa jefa bam a nan ba. Hare-haren da aka kawo Arewa 'yan kaɗan ne, kuma cikin 'yan watanni suka ƙare. Abin da ya sauka a kan Gabas wani abu ne daban. Da tarayya ta samu jiragen MiG da manyan jiragen jefa bam ƙirar Ilyushin, da matuƙa daga Masar, sai da aka shafe fiye da shekara biyu ana luguden wuta a garuruwansu, bama-bamai suka faɗa kasuwanni da asibitoci. Garin ƙawar taki, Umuahia, shi ya zama hedkwatar Biyafara bayan faɗuwar Inugu a Oktoba 1967 har zuwa Afrilu 1969, saboda haka ya sha wuta ba kaɗan ba. Idan kakarta tana raye, ita ma tana da nata labarin gudun, wataƙila da goyo a baya. Kada ki yi gasar wahala da ita. Ki gaya mata abin da ya faru a Kaduna, ki kuma saurari nata har ƙarshe.

Sai batun sojan ruwa. Mutanenmu da yawa suna ganin abin mamaki ne a ce Bazazzagi ya yi aiki a teku, alhali 'yan Arewa sun shiga tun da wuri. Murtala Nyako ya shiga a 1963, ya kai ga zama babban hafsan sojan ruwa. Rundunar ƙarama ce a lokacin. An kafa ta a 1956, kuma da yaƙi ya zo Joseph Wey ne shugabanta, babban sansaninsu yana Apapa. Jirginsu mafi girma shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan aka kawo a 1965, shekarar da kakanki ya shiga. Sauran ƙananan jiragen sintiri ne, irin su Ogoja, da Lokoja mai sauke dakaru da motoci a gaɓa. Akwai tsofaffi a garin nan da iyalansu ke cewa sojan ruwa ne, amma in an bincika sai a tarar sojan ƙasa ne na runduna ta uku, wadda ake kira Marin Kwamando, ta Benjamin Adekunle, Baƙar Kunama. Su jirgi ya ɗauke su kawai. Fararen kayan kakanki da aikin ɗakin inji sun nuna shi na ruwa ne sosai.

Aikinsu iri biyu ne. Na farko kai dakaru ta teku. A ƙarshen Yuli 1967 suka kwashi mutanen Adekunle daga Ikko suka sauke su a tsibirin Boni, inda tashar lodin ɗanyen mai take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya riƙe Boni shi ke da ta cewa a kan kuɗin man. A can aka nutsar da jirgin Ibadan, wanda 'yan Biyafara suka riƙe tun lokacin ɓallewa, kuma jiragen samansu sun yi ta ƙoƙarin jefa wa jirgin Nigeria bam. A Oktoba aka sake irin wannan saukar a Kalaba, bayan jiragen sun yi wa gaɓar ruwan igwa. Fatakwal ta faɗi a Mayu 1968. Ki ɗan tsaya ki duba inda kakanki yake a duk wannan. Mutumin ɗakin inji yana can ƙasan jirgi, ƙarƙashin ruwa, cikin zafi da warin mai, ba taga. Idan an harba igwa daga sama duk ƙarfen jirgin ne ke amsawa a jikinsa. Ba ya ganin abokin gaba, ba ya sanin ƙarar da ya ji tasu ce ta fita ko ta wasu ce ta shigo, kuma ya san in jirgi ya huje su ne na ƙarshen fita. Wanda ya yi shekaru a haka yana ɗan ashirin da 'yan kai, ba abin mamaki ba ne albarushin 'yan bindigar Sarki ya mayar da shi can.

Aiki na biyu shi ne wanda ƙawarki take nufi, kuma ba zan ɓoye miki ba: tsare bakin teku, kada jirgi ya shiga Biyafara ko ya fita. Manufar ita ce a hana makamai shiga, a hana mai fita. Amma mutanen Gabas tun asali ba su wadatu da nama ba, shanu daga Arewa suke zuwa musu, busasshen kifi kuma ta jirgin ruwa daga Norway. Yaƙi ya yanke hanyar shanu, tsaron teku ya yanke ta kifi, gishiri ma ya zama gwal. Ga ɗimbin mutanen da suka gudo daga Arewa a 1966 sun ƙaru a kansu, ƙasar kuma kullum ƙara tsukewa take. Da Fatakwal ta faɗi, babbar mafitar da ta rage ita ce wani ɗan titi a Uli da aka mayar filin jirgi, inda jiragen agajin coci-coci da na Red Cross ke sauka cikin dare. Aka yi ta jayayya a kan hanyar shigar da abinci: Ikko ta ce a bi ta ƙasa ko a yi jigila da rana, don makamai na biyo jiragen dare, Ojukwu ya ƙi. Ana wannan ja-in-ja yara suna kumbura suna mutuwa. Masu ƙiyasi sun saɓa a kan adadin waɗanda suka rasu a yaƙin, daga rabin miliyan har zuwa miliyan biyu, amma sun haɗu a kan cewa yunwa ta fi harsashi kisa, kuma yara ta fi ɗauka.

Ni a ganina, wanda ke zuba wa inji mai ba shi ya yanke shawarar a rufe teku ba. Manya ne a Ikko da Umuahia suka yi wannan lissafi, kuma su tarihi zai fara tambaya. Kakanki ya shiga aiki shekara biyu kafin a san za a yi yaƙi, yaro ne mai neman sana'a. Don haka ki daina jin nauyin kallonsa. Sai dai kuma ba zan ce miki abin bai shafe shi ba, don alamu sun nuna shi da kansa bai ɗauka haka ba. Jiragen nan suna tsayawa a Kalaba da Fatakwal bayan an kama su, ma'aikatansu suna sauka gari, kuma duk wanda ya sauka ya ga waɗanda ke fitowa daga daji. Mutumin da hoton yaro mai tamowa ya hana shi cin abinci bayan shekara hamsin da ɗoriya, mai zuciya ne. Irin wannan tsohon tausayi ya kamace shi daga gare ki.

Mu ma nan Zariya muna da namu kason da ba mu cika faɗa ba. Ina yaro lokacin, amma na ga sababbin kurata suna fitowa daga Dafo, barikin horar da sojoji, a jere ana kai su tashar jirgin ƙasa, mata na bin su da kuka. Sojan Najeriya da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin a ƙarshensa, kin ga ke nan gidaje nawa abin ya shiga. Na kuma san shagunan Sabon Gari da suka wayi gari ba masu su bayan kashe-kashen 1966, waɗanda suka biyo bayan kisan Sardauna da Tafawa Balewa a watan Janairu. Da aka gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970, Gowon, wanda a Wusasa ya tashi ya kuma yi karatu a Barewa, ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. Magana ce mai kyau, ta hana ramuwar gayya. Amma sojojin da suka dawo ba wanda ya zaunar da su ya tambaye su abin da suka gani. Aka yi musu barka da arziki, aka ce a manta. Wasu suka faɗa shaye-shaye, wasu aka riƙa ce musu taɓaɓɓu a unguwa, wasu kuma irin kakanki suka haɗiye suka kama sana'a. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma an yabi masu haɗiyewa da dattako. Ba a lura da abin da haɗiyewar ke yi musu da dare ba.

Abin da ya sa ya tsananta yanzu sananne ne ga likitoci. Muddin mutum yana da aikin da ke cinye masa yini, tunanin yana kwance. Idan ƙarfi ya ƙare, zaman gida ya yi yawa, sa'o'insa suna ta rasuwa, sai tsohon abu ya taso. Wani lokaci kuma farkon ciwon mantuwa ne, wanda ke goge abin jiya ya bar na shekara sittin tar. Saboda haka ki sa babanki ya kai shi asibiti, kada a tsaya ga cewa tsufa ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In kalmar ƙwaƙwalwa za ta sa ya ƙi zuwa, a ce masa za a duba rashin barci da hawan jini, kuma gaskiya ne, don su ma za a duba, har da kunne, tunda masu aikin ɗakin inji da yawa jinsu ya raunana. A gaya wa likita komai, har da sunayen da yake kira. Ina roƙonku kada a sayo masa maganin barci a kemis. Yana ƙara rikita tsofaffi, yana kayar da su a hanyar banɗaki, karayar ƙugu kuwa a wannan shekarun ba wasa ba ce. Addu'a da tofi a ci gaba da yi, ba su hana ganin likita. Kafin Babbar Sallah kuma ku shirya tun da wuri, kwanakin hawa a kai shi gidan wani ɗansa a Samaru ko Shika inda harbin ba ya kaiwa. In ya zabura da dare kada a rirriƙe shi ko a taru a kansa. Mutum ɗaya da ya saba da muryarsa ya kunna fitila, ya kira shi a hankali, ya gaya masa yana gida, a Zariya.

Game da sa shi magana, ke kin fi babanki dama. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, musamman in babanki ne na fari ko na kusa da fari. Ke kuwa jika ce, abokiyar wasansa, wadda yake kira amaryarsa Iya na hararar ku. Ta wannan ƙofar za ki shiga. Kada ki fara da yaƙi. Ki tambaye shi ranar da ya fara ganin teku, ko ya yi amai da jirgi ya fara tangaɗi, me suke ci, wa ya koya masa inji, yaya suke gane alƙibla jirgi na juyawa. Tsohon makanike ba ya ƙin maganar inji. In ya kai wani wuri ya yi shiru, ki bar shi, ki kawo masa ruwa, wata rana a ci gaba. Kada ki kai masa maganar ƙawarki, kada kuma ki ɗauki muryarsa a waya sai da izninsa. In kuwa ya buɗe baki ya fara tambayar ko Allah zai yafe masa, wannan ta fi ƙarfinki. Ki nemo masa malamin da yake girmamawa, sa'ansa, su zauna su biyu. Yana iya yiwuwa kuma ya tafi da abinsa bai faɗa ba, wannan haƙƙinsa ne.

Iya kuwa tunda tana son ba da labari, ki zauna da ita da littafi tun yanzu. Labarin matan sojoji kusan ba wanda ya rubuta shi. Ki tambaye ta yadda kuɗin cefane ke iso ta, wa ke karanta mata wasiƙa, yaya ta yi da aka canza takardun kuɗi a farkon 1968, ina ta haihu, wata nawa jaririn ya yi kafin ubansa ya gan shi, su waye maƙwabtanta a barikin Ikko. In kina son ki ga harin Kaduna a rubuce, ki nemi jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na Yuli da Agusta 1967 a Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ki fara tambaya a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim tunda kina kusa. A garin ƙawarki kuma akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa, inda aka ajiye jiragen saman ɓangarorin biyu da wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny. Ki roƙe ta in ta je hutu ta ɗauko miki hotuna.

Takardu ba su da wuyar farawa. Mabuɗin shi ne lambarsa ta soja, kuma da wuya ka ga tsohon sojan da ya manta lambarsa ko da ya manta abin da ya ci da safe. Ki tambaye shi cikin wasa, ki rubuta. Da ita babanki zai yi takardar rantsuwa a kotu cewa na asali sun lalace, ya haɗa da rahoton 'yan sanda, sannan ya je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Lijiyon, su nuna masa yadda ake rubuta wa hedkwatar sojan ruwa da hukumar fanshon soja a Abuja. Ko yana da haƙƙin fansho ko babu, wannan ya danganta da shekarun da ya yi da kuma yadda aka sallame shi, don haka kada ku sa rai da yawa kafin a duba. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya fito muku da fayil, ku rabu da shi. In za a je Lijiyon ɗin a tafi da Baba Tsoho in jikinsa ya yarda, don akwai sauran sa'o'insa da ke zuwa wurin, kuma da su ne zai fi sakin baki.